Wasan da ya ginshe ni

Bahaushe yana da hanyoyi da yawa na cewa abu ya fita ransa, kuma ba ɗaya suke ba. Gajiya ta jiki ce, barci yana maganinta. Gundura ita ce abin da dogon jawabi yake yi maka a amfi da tsakar rana. Ƙosawa tana da gaggawa a cikinta, so kake a gama ka tashi. Akwai kuma ginsa, wadda ta fi ba ni sha'awa, domin abu mai daɗi kaɗai ke ginsar mutum. Ba wanda zai ce maka maganin zazzaɓi ya ginshe shi. Nama mai kitse, zuma, dabino, madara mai sukari, su ne ke ginsa. Kana ci kana lumshe ido, sai a wata loma ka ji maƙogwaro ya rufe, alhali kwanon bai ƙare ba, ɗanɗanon kuma bai canza ba.

Ƴan sashenmu na kimiyyar harshe za su lura da wani abu. Ya ginshe ni, ya gundure ni, ya ishe ni: duka aikatau ne ƴan aji na biyu a rabon da Parsons ya yi a 1960, masu ƙarewa da e in wakilin suna ya biyo baya, shi ya sa s take komawa sh. Kuma a dukansu abin ne yake aikatawa, kai karɓa kawai kake yi. Turawan Ingilishi su kuma cewa suke yi mutum ya ƙone ƙurmus, burnout, kalmar da wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yayata a 1974 bayan ya ga yadda masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta suke lalacewa da gajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa wannan kalma ta shafi wurin aiki ne kawai. To ga shi yanzu masu wasan bidiyo sun are ta suna faɗa wa junansu a intanet. Da farko dariya abin ya ba ni: wane irin wasa ne mutum zai ƙone a cikinsa kamar lebura? Yanzu na daina dariyar. Yau kusan shekara biyu ke nan ban ƙarasa ko wasan kasada ɗaya ba. Ina buɗewa, in kalli taswira, in yi tafiyar minti goma, in rufe. Ni da a da ake kora daga ɗakin wasa da tsintsiya.

A Cirozerin aka haife ni, kusa da ramin gawayin Anu Araren, kimanin kilomita 75 daga Agadas. Anu da Tamashek rijiya ke nan, amma mu abin da muka tashi muka ga ana haƙowa baƙin dutse ne. An kafa SONICHAR a 1975, tashar ta fara ba da wuta a 1981, kuma gawayin da ake ƙonawa a can shi ke kunna injunan ma'adinan uraniyum na Arlit, da fitilun Agadas da na Cirozerin ɗin kanta. Babana yana cikin masu wannan aiki. Da na gama firamare aka tura ni Akokan wurin kawuna, wanda shi kuma ƙarƙashin ƙasa yake shiga, a ramin Akuta, mita wajen 250. Saboda haka duk lokacin da tele ta kawo haske a ɗakin wasan unguwarmu nakan gaya wa yara cewa wutar babana ce, su yi mini ladabi. Ba su taɓa yi ba.

Ɗakin ba wani abin a zo a gani ba ne. Shago ne na laka da rufin kwano, benci biyu, tele uku masu ƙaton baya, PlayStation 2 guda uku da mai wurin yake lulluɓewa da tsumma saboda ƙura. Duk wanda ya san Arlit ya san ƙurar nan, har cikin haƙora take shiga. Biyu daga cikin injunan na ƙwallo ne, dala goma a buga wasa ɗaya, wanda aka ci ya tashi. Na ukun, na can lungu, shi ne na labari. Faya-fayan daga Tamanraset suke zuwa, hanyar da taliya da madarar gari suke biyowa, an rubuta sunansu da alƙalamin maka: God of War, Prince of Persia, Resident Evil 4, GTA San Andreas. Katin ajiya ɗaya ne tak, mai mega 8, kuma na mai shago ne. In ya ga dama ya goge naka ya sa na wani. Don haka wasan labari ba na mutum ɗaya ba ne ko da kana so. Karo-karo muke yi mu sayi awa biyu, hannun wasan yana zagayawa, in an kashe ka ka miƙa wa na kusa da kai.

Ni ban iya bugawa sosai ba, yatsuna a hankali suke. Abin da na iya shi ne karatu da sauri. A wannan ɗaki akwai ɗan Buzu, akwai Bazabarme da aikin ma'adini ya kawo iyayensa daga Doso, akwai ƴan Damagaram da na Maraɗi, akwai yaran bukoki da ba su taɓa shiga lakwal ba. Hausa ce ta haɗa mu duka. Wasan kuwa da Faransanci yake magana, ko Ingilishi da rubutun Faransanci a ƙasa yana wucewa kamar ana korar sa. Sai ya zamana in hoton labari ya fara, kowa ya yi tsit, a waiwayo gare ni: “Me ya ce? Kai, me ya ce?” Haka na zama tafinta ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Har ta kai ba na biyan karo-karo. Kujerata ita ce bokitin fenti da aka kife a gefen tele.

Fassarar tawa ba irin wadda malaminmu zai ba maki ba ce. Kratos sunansa Sanƙo. Allolin Girka sarakunan aljannu ne, ba don tsoron kowa ba, don haka ne kawai labarin yake zama a kunnen yaro ɗan shekara 12. Yariman Farisa, mai wuƙar da take mayar da lokaci baya, mun sa masa Da-na-sani. In rubutu ya wuce ban kama ba sai in cike gurbin da abin da ya dace, kuma sau da yawa nawa ya fi nasu daɗi. A Resident Evil 4 mutanen ƙauyen da Sifaniyanci suke ihu, ba kalma ɗaya da nake ji, amma ban taɓa barin su ba fassara ba: zagin kasuwa nake sa musu a baki, ɗaki ya kwashe da dariya. Daga baya, da fina-finan Indiya masu fassarar Algaita suka cika wayoyi, na gane cewa sana'a ɗaya muke yi da mutanen Kano ɗin nan, su dai suna da sutudiyo ni ina da bokiti.

Akwai kalma ɗaya da ta ba mu wahala, ita ce sunan nau'in wasan kansa. A bayan kwali ana rubuta aventure. A garinmu wannan kalma tana da mai ita. Baƙin da suke sauka a tasha daga Gini, Mali, Kamaru da Najeriya, suna jiran motar Asamaka ko wadda za ta zagaye ta, su ne suke ce wa kansu masu aventure. Kullum muna ganinsu da jarkokin ruwa da aka naɗe da buhu. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, mutanen yankin Kance, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Duk yaron da ya tashi a arewa a lokacin ya ji maganar a gida. To da mai shago ya samo PlayStation 3, muka kai wurin nan a Uncharted 3 inda jarumin yake faɗowa daga jirgi ya yi ta yawo a hamadar Larabawa, sai ɗan Buzun cikinmu ya karɓe mini aikina. Ya ce wannan mutum ba shi da hankali. Kai ba rawani, yana tafiya rana tsaka, yana hawa kan tudun rairayi maimakon ya bi gindinsa, kuma ya bar inda jirgi ya faɗi, wurin da za a fara neman sa. Ya ce a wurinsu kwana ɗaya ba zai yi ba. Mun fi awa muna gardama, lokacin da muka saya ya ƙare hannun wasan yana ajiye a ƙasa. Daga ranar muka bar kalmar aventure ga masu ita, muka koma cewa wasan labari. Kasada da nake rubutawa a nan kalmar takarda ce.

Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, bayan an fi shekara 40 ana haƙa, saboda uraniyum ɗin ramin ya ƙare. Ma'aikata wajen 600, ban da ƴan kwangila. Jarida takan tsaya a wannan lissafi. Abin da ba ta ƙirgawa shi ne benci. Kowane ma'aikaci da ya ɗaure kaya ya tafi da ƴaƴansa, kuma ƴaƴan nan su ne ajinmu, su ne ƙungiyar ƙwallonmu, su ne ƴan karo-karo. Cikin shekara ɗaya Bazabarmen ya koma Doso, biyu suka tafi Damagaram, wani ya bar lise ya nufi wajen haƙar zinariya a Cibarakaten. Mai shago ya sayar da telolin ya koma cajin waya da tura fina-finai. Ni kuma na ci bak, na hau bas, kwana da yini a kan hanyar Tawa, na sauka Yamai.

A Yamai na sami abin da nake mafarki tun ina kan bokiti. Da kuɗin burs na farko da ɗan abin da kawu ya ƙara mini na sayi kwamfuta ta hannu, kwance. Wani ɗan sashen lissafi ya cika mini ita daga faifansa, wasa ya fi ashirin: Assassin's Creed har kashi huɗu, Far Cry 3, Tomb Raider, Metal Gear Solid V. Ba layi, ba mai goge mini ajiya, ba mai cewa lokaci ya cika. Na sa abin kunne don kar in dami abokan ɗaki. Watanni uku na farko na yi su kamar wanda ya sha ruwa bayan azumi. Daga nan abin ya fara canzawa a hankali, ta yadda ba zan iya nuna ranar da ya fara ba. Sai in ga na tsallake hoton labari, abin da a Akokan zai iya jawo mini duka. Sai in ga ina wasa ina duba WhatsApp. Sai in buɗe taswira in ga alamomi sun cika ta kamar ƙudaje a kan tire, in ji wani nauyi a ƙirji irin wanda nake ji in an liƙa jadawalin jarrabawa.

Darasin shekara ta biyu ne ya ba ni sunan abin. Muna karanta Roman Jakobson, da ayyuka shida da ya ce harshe yana yi a maƙalarsa ta 1960. Ɗaya daga ciki shi ne wanda ya fuskanci mai sauraro, wato kira da umarni. Da dare na buɗe wasa, don wasa da hankali kawai na ɗauki biro na fara rubuta duk jimlar da ta fito a kusurwar allo. Je ka wuri kaza. Bi wane kar ya gan ka. Hau hasumiya. Tattaro fata uku. Kashe kyaftin. Koma wurin wane. Na cika shafi guda, kuma ba jimla ɗaya da ba umarni ba. Na tuna allon da ke ƙofar wurin aikin su baba, inda ake rubuta wa kowane rukuni abin da zai yi a postinsa. Bambancin kawai su ana biyan su a ƙarshen wata.

Abin ban dariya, asalin wannan nau'in wasa akasin haka ne. Na farkonsu, Colossal Cave Adventure, wanda daga sunansa aka samo sunan nau'in gaba ɗaya, wani mai tsara manhaja ne ɗan Amurka, Will Crowther, ya rubuta shi wajen 1976. Mutum ne mai shiga koguna, ya kwaikwayi wani ɓangare na kogon Mammoth da ke jihar Kentucky, kuma don ƴaƴansa mata ya yi shi. Babu hoto ko ɗaya. Kwamfuta ta bayyana maka inda kake, kai kuma ka rubuta mata kalma biyu, aikatau da suna, irin su ɗauki fitila, shiga gida. Kai ne mai umarni, ita ce mai bi, kuma ba ta gaya maka inda za ka. Cikin shekara 40 an juya jimlar. Yanzu inji ne yake magana da sigar umarni, kai kana cewa to. Na san dalilin, ba mugunta ba ce. Kamfani ya kashe miliyoyin daloli ya gina duniya mai faɗi, yana so mai saye ya ji kuɗinsa bai tafi a banza ba, sai ya cika ta da ƙananan aike-aike da za su kai awa 60 ko 100. Ga wanda ya saya da tsada wataƙila riba ce. Ga ɗalibin da ya wuni ana ce masa karanta, kwafa, kawo ranar Litinin, ka zo ofis gobe, posti na biyu ne.

Amma wannan bayani bai ishe ni ba, domin wasannin Akokan ma umarni ne. San Andreas daga farko har ƙarshe aike ne, je ka, ɗauko, kai. Me ya sa a can bai dame ni ba? Amsar tana cikin jerin Jakobson ɗin, a wani aikin harshe da ya aro daga Malinowski: maganar da ba labari take ɗauke da shi ba, amfaninta kawai ta riƙe zumunci tsakanin masu yin ta. Mu Hausawa ba sai an koya mana wannan ba. Ina kwana, ina gida, ina aiki, ina gajiya. Ka lura ma, amsar ina gajiya ita ce ba gajiya, ko da kuwa yanzu ka fito daga rami. Ba rahoto ake nema ba, so ake a ji muryarka. To yawancin abin da ke faruwa a ɗakin nan irin wannan ne. Umarnin yana fitowa a allo da Faransanci, amma kafin ya isa ga mai riƙe da hannun wasa ya ratsa ta bakina, ya ratsa ta gardamar mutum takwas, ya zama tsokana, ya zama caca a kan wa zai mutu, ya zama sunan da za a riƙa kiran wani da shi har shekara. A Yamai umarnin kai tsaye yake zuwa, daga allo zuwa ido, cikin abin kunne, da harshen da yanzu nake ji sarai. Ba wanda zai waiwayo ya ce me ya ce. Na sami duk wasannin, na rasa aikina a cikinsu.

Metal Gear Solid V ne ya ƙarasa ni, kuma abin haushin shi ne ya fi kowane dacewa da ni. Hideo Kojima ya fitar da shi a 2015, labarin yana faruwa a 1984 tsakanin Afganistan da iyakar Angola da Zayar. Sai ka kamo tafinta kafin ka ji abin da sojojin gaba suke faɗa. Makamin da ake faɗa a kansa wata ƙwayar cuta ce da take zama a maƙogwaro, ba ta tashi sai ta ji wani harshe takamaimai, ta kashe masu magana da shi. Ɗalibin harshe me yake nema kuma? A tsakiyar wasan cutar ta ɓarke a sansaninka, sai ka gano da kanka cewa duk masu mutuwa Kikongo suke ji, harshen Bantu na Kongo da Angola. Da na gano, na cire abin kunne na juya don in faɗa wa wani. Abokin ɗakina ɗaya yana barci, ɗayan yana haddar dokokin tsarin mulki. Na mayar da kai. Abin da wasan yake so daga gare ni bayan wannan shi ne in bi jerin sunayen ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa, in duba harsunan kowa, in tura masu Kikongo keɓewa. Aikin akawu. Na yi kusan arba'in na rufe kwamfutar, kuma ajiyar tana nan a wurin har yau.

Sai ga Agustan 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar take amfani da shi. Yamai ta shiga duhu na awoyi. Arewa ba a kan wannan layi take ba, gawayin Anu Araren take ci, har baba yana tsokanata a waya wai in dawo ƙauye in sha kuran. Batirin kwamfutata ba ya kai minti arba'in, saboda haka wasa ya tsaya dole. Na jira in ji kewa. Ban ji ba. Sauƙi na ji, irin na wanda aka ce masa malami ba zai zo ba yau. Wannan sauƙin ne ya tsorata ni fiye da komai, domin abin da na fi so tun ina ɗan shekara 11 ne ya tafi, kuma ko juyayi zuciyata ta ƙi yi.

Da na faɗa a gida, inna ta ce alhamdu lillahi, yaro ya girma. Wani abokina mai yawan wa'azi ya ce dama ɓata lokaci ne, Allah ne ya yaye mini. Na gode musu, amma ban yarda ba. Wanda ya daina jin daɗin ƙwallo ko karatun littafi ba a yi masa barka. Kuma a wannan ɗakin da suke rainawa na fara sanin cewa fassara zaɓi ce, cewa kalma tana da masu ita, cewa ana iya riƙe mutum takwas da baki kawai. Ba don bokitin nan ba da wataƙila ina sashen shari'a ina haddar abin da ban damu da shi ba. Manya sun san matsala ɗaya ce game da wasan bidiyo, wato yaron da ya kasa dainawa. Ita ma gaskiya ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022: mutum ya kasa riƙe kansa, wasa ya danne sauran rayuwarsa, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, kuma a saba ganin haka wajen wata 12. Nawa ba shi ba ne. Ba wanda ya tanadi suna ko jaje ga wanda yake so ya so abu amma ya kasa.

Abu ɗaya zan faɗa da babbar murya, saboda na san waɗanda za su karanta wannan ɗan littafi, na san kuma yadda ɗakunan kwananmu suke a watan jarrabawa. Ginsa abu ɗaya take kamawa. Wanda nama ya ginsa yana iya shan fura. Ni a lokacin ina jin daɗin shayi a fada, ina jin daɗin darasin ilimin sauti, ina dariya. In kai naka ya wuce haka, wasa ya fita ranka, abinci ya fita, hira ta fita, wanka ma sai ka yi da ƙyar, barci ya ƙi ko ya yi yawa, har makonni, to wannan ba maganar wasa ba ce kuma. Kar ka amsa da ba gajiya. Ka sami wanda ka yarda da shi ka faɗa masa, ka je wurin likita.

Abin da na yi da nawa ba shi da yawa. Na daina tilasta wa kaina, wannan ne ya fi wuya, domin wasa ashirin da ba ka gama ba suna kallonka kamar bashi. Na goge sha bakwai na ba wa ƙamusoshi da rikodin wuri. Na gwada dabarar da ake ba da shawara, a kashe alamomin taswira a yi yawo kawai. Ta yi aiki kwana biyu. Na gwada zaunar da abokin ɗakina, mai tsarin mulki, in riƙa fassara masa kamar da. Ya yi haƙuri da ni rabin awa, sannan ya ce, “Malam, ai ina jin Faransanci.” Gaskiyarsa. Ƙwallo kaɗai nake bugawa yanzu, ranar Alhamis da dare a ɗakin wasu ƴan Tawa, ana ci na ana yi mini dariya, kuma ina tashi da nishaɗi.

Sauran lokacin ya tafi wani wuri da ban shirya ba. An ba mu aikin tattara kalmomin aro, sai na ce bari in yi a kan bakin ma'aikatan ma'adini. A bakansin bara na zauna da baba da abokansa a Cirozerin, na kuma je wurin kawu, wanda tun da aka rufe ramin yake kiwon awaki a bayan Agadas. Posti, kaske, shef, kariyar, puwantaji, da yadda suke lanƙwasa su su shiga jimlar Hausa, da kalmomin Tamashek da suka shige ciki ba wanda ya lura. Kawu ya kwatanta mini yadda ake sanin rufin rami zai zubo, ana ƙwanƙwasa shi da sandar ƙarfe a saurari amon, in ya yi kamar ganga to a ja da baya. Ya yi mini amon da bakinsa, iri biyu, ya sa na maimaita har sai da na bambance. Shekara shida na zauna a gidansa, ina wuce shi a tsakar gida da gudu don in je in shiga kogon ƙarya a tele. Na cika kaset ɗin waya da awa tara, kuma har yanzu ban gama rubutawa ba.

Ƙanena yana da shekara 13. Su ba su san ɗakin wasa ba, Free Fire suke yi a waya, kowa da allonsa. Na ɗauka kaɗaicin da ya same ni a Yamai su da shi suka fara. Sai na zauna kusa da su wata la'asar a gindin katangar makaranta, inda suka ce intanet ya fi ƙarfi. Su shida, wayoyi huɗu, biyun da ba su da waya suna leƙe ta kafaɗa suna ba da umarni da ihu. Hayaniyarsu ta fi tamu. Na ciro littafina. Ɗaya ya ce na hedshote shi, da e ɗinta daram kafin wakilin suna, aji na biyu ba kuskure. Kalmar da wasan yake rubutawa in ka yi nasara ita ce Booyah, su kuma akwai wani ƙaramin cikinsu da ba ya harbi, yana laɓewa ne a bayan dutse har kowa ya mutu, sun sa masa suna Ɓuya. Na tambayi ƙanena wa yake fassara musu abin da aka rubuta. Bai ɗago kai ba, ya ce, “Yaya, ba mai karantawa. Matsa, kana tare mini haske.”